Kwanan tanti a bakin kogin Au Sable, daga Grayling zuwa Oscoda

Daga Detroit, a jihar Mishigan ta Amurka, na kama babbar hanyar I-75 na miƙe arewa, tafiyar kusan kilomita 320, awa uku da ɗan wani abu in ba cunkoso. Da an wuce Bay City gonaki sai raguwa suke, daji yana ƙara duhu, har a iso Grayling, ƙaramin garin da kogin Au Sable ya ratsa. Tsawon kogin kilomita 222 ne daga mafarinsa zuwa Oscoda, inda yake zuba a Tafkin Huron. Abin da ya kai ni shi ne wuraren kwanan tanti irin na daji, waɗanda ba lantarki, ba wurin wanka, ba shago, sau da yawa ma ba sabis na waya.

Wanda zai zo nan ya fara sanin abu guda: ƙasar duk rairayi ce. Ƙanƙarar da ta rufe arewacin Mishigan dubban shekaru da suka wuce, da ta narke sai ta bar yashi mai zurfi. Ruwan sama yana nutsewa ciki nan take, ya taru a ƙarƙashi, ya riƙa tsattsafowa cikin kogin a hankali. Shi ya sa Au Sable ba ya yawan ambaliya, ba ya ƙafewa, ruwansa kuma garau ne mai sanyi ko a Yuli. Wannan rairayin dai shi ne yake sakin turakun tanti, yake riƙe tayar mota, yake huce zafinsa da zarar rana ta faɗi, yake kuma fitar da itacen da ya fi kowane saurin kama wuta. Kusan duk matsalar da na ga tana samun masu kwana a nan, in an bi salsalarta, wajensa take komawa.

Dajin da ake gani yanzu ba na asali ba ne. A ƙarshen ƙarni na 19 masu katako suka sare manyan itatuwan fayin, suka tura gungumen ta cikin kogin zuwa masana'antun Oscoda. Dasawar da matasan CCC, shirin gwamnatin tarayya na ba matasa aikin yi, suka yi daga 1933 zuwa 1942 ita ta mayar da shi, shi ya sa a wurare da yawa za ka ga itatuwa a jere kamar da igiya aka auna su. Mai son ganin yadda dajin yake a da sai ya biya Hartwick Pines, arewa da Grayling kaɗan, inda eka 49 ta tsira daga gatari.

Wuraren kwana iri uku ne, kuma ga wanda bai taɓa yi ba, na farko nake ba shi shawara: sansanonin dajin jiha, waɗanda hukumar albarkatun ƙasa ta Mishigan take kula da su. In ka bi kogin gabas daga Grayling za ka tarar da Burton's Landing, sai Keystone Landing, sai White Pine, Rainbow Bend, Parmalee Bridge, har Mio Pond. A reshen kudu kuma akwai Canoe Harbor, a gefen filin da George Mason ya bar wa jihar da ya rasu a 1954, kuma a duk wannan filin nan kaɗai aka yarda a kwana. Kowane gurbi yana da teburin katako da murhun ƙarfe zagayayye. Sansanin gaba ɗaya yana da masai na rami da famfon tuƙa-tuƙa. Iyakar abin da za a ba ka ke nan.

Galibinsu ba a kama wuri tun daga gida, wanda ya riga zuwa shi ke da gurbi. Ka shiga ka zagaya, ka zaɓi wanda ba takarda a jikin sandarsa, ka ajiye wani kayanka a kai, sannan ka koma allon bakin shiga. Akwai ambulan a can. Ka rubuta lambar gurbi, lambar mota da yawan kwanaki, ka sa kuɗin da aka rubuta a allo, ka yage ɓangaren rasit, ka jefa ambulan cikin bututun ƙarfe, rasit ɗin kuma ka maƙala a sandar gurbinka. Ba mai ba da canji, saboda haka ka zo da ƙananan takardun dala da biro naka. Motar ma tana buƙatar izinin shiga da ake kira Recreation Passport, kuma motar da ke da lambar wata jiha tana da farashinta daban. Ranar Juma'a da yamma a Yuli da Agusta guraben bakin ruwa sun riga sun cika. Wanda ya iso Lahadi da rana ko Litinin shi yake zaɓa son ransa. Ba a wuce kwana 15 a wuri ɗaya.

Kafin ka sauke tanti, ɗaga kai ka dubi sama. Wani ƙwaro da aka fara gani kusa da Detroit a 2002 ya kashe itatuwan ash masu ɗimbin yawa a jihar, kuma matattun suna nan tsaye a bakin kogi. Busasshen reshe ba ya sallama kafin ya faɗo. Bayan haka ka dubi ƙasa: ka nemi ɗan tudu, ba kwari ba, kuma kada ka liƙe da ruwa. Iska mai sanyi tana gangarowa ta kwanta a kan kogin da dare, hazo ya tashi, kuma tantin da ke taku biyar daga gaɓa yana wayewa sharkaf alhali wanda ke taku talatin sama da shi ya kusa bushewa.

Siraran turakun waya da ake sayar da tanti da su ba su da amfani a wannan yashi. Ka sayi masu tsawon santimita 25 zuwa 30, masu faɗi ko masu kusurwa, ka kafa su a karkace, kansu yana kallon nesa da tantin. Inda yashin ya yi laushi sosai, ka ɗaure igiyar a tsakiyar wani guntun ice mai kaurin hannu, ka haƙa rami na santimita 30, ka kwantar da shi a gicciye ka binne, ka tattake. Wannan ba ya fita sai ka tone shi. Duk igiyoyin rufin sama ka ja su, ko da sama tana garau, domin hadarin bazara a nan yakan zo da dare da iska a gaba. Shimfiɗar da ake sa wa a ƙarƙashin tanti kuma kada ta leƙo waje ko da yatsa huɗu. In ta leƙo, ruwan da ke zubowa daga rufi a kanta zai sauka, ta kai shi ƙarƙashinka, ka tashi kana zargin tantin da yoyo alhali ba laifinsa. Ninke bakinta ciki.

Akwai kuma jiƙar da daga cikin tanti take fitowa. Numfashin mutum biyu dare guda ya isa ya jiƙa bango. Masu jin sanyi sukan rufe ko'ina ruf, abin da ke ƙara ta'azzara shi ke nan. A bar tagogin sama a buɗe, a bar tazara tsakanin rufin waje da jikin tanti, a kuma hana buhun barci taɓa bango.

Sanyin yana ba baƙi mamaki. Garin Mio ne ke riƙe da tarihin zafi mafi tsanani a Mishigan, digiri 44 a Yulin 1936, amma a wannan yankin dai dare yakan sauka ƙasa da digiri 10 a tsakiyar bazara, a farkon Yuni da Satumba kuwa raɓa tana iya daskarewa. Lambar da ake bugawa a jikin buhun barci sau da yawa ta iyakar jurewa ce, ba ta barci mai daɗi ba, don haka mai sifili ko ƙasa da haka shi ya dace. Abin da ya fi buhun muhimmanci shi ne abin da ke ƙarƙashinka. Babbar katifar iska irin ta baƙi a gida ba ta tare sanyi, iskar cikinta tana ɗaukar sanyin ƙasa ta miƙa wa bayanka. Ɗora tabarmar soso a kanta, ko ka kwanta a kan soson kaɗai. Ka ware kayan barci busassu, da safa ta ulu da hula, waɗanda ba ka sa su da rana. Auduga in ta jiƙa ba ta bushewa da wuri, kuma tana zuƙe ɗumin jiki.

Wannan kuwa ina roƙon duk wanda ya saba da kaskon gawayi lokacin hunturu ya ji shi da kyau: kada garwashi, ko risho, ko fitilar gas su shiga tanti, ko da a bakin ƙofa ne. Iskar da suke fitarwa ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci. Kwalbar ruwan zafi mai murfi gam, a sa ta cikin safa a tura ƙasan buhu, ta isa.

Maganar wuta ta fi komai nauyi a nan. Itacen da ya mamaye rairayin gabas da Grayling shi ne jak-fayin, gajere mai ƙaro, wanda 'ya'yansa ba sa buɗewa sosai sai sun ji zafi. Daji ne da aka halitta yana ƙonewa yana sake tsirowa. A ƙarƙashin ƙananansa ne wani ɗan tsuntsu mai rawayan ƙirji, na Kirtland, yake sheƙa a ƙasa, ya tafi Bahamas da sanyi. A 1987 mazansa 167 kacal aka ƙirga, sai a 2019 aka cire shi daga jerin masu shirin ƙarewa. In ka ga alamar an rufe wani fili saboda shi, ka kauce. Ranar 5 ga Mayu 1980, wutar da aka kunna da gangan kusa da Mack Lake, kudu da Mio, don gyara masa wuri, ta ƙwace ta cinye kusan eka 24,000 da gine-gine 44, ta kuma kashe ma'aikaci ɗaya. A Yunin 2023 ma wutar hira da wani ya hura ta tashi gobarar da ta ci fiye da eka 2,000 kusa da Grayling. Afrilu da Mayu su ne mafi hatsari, bayan ƙanƙara ta narke, kafin ciyawa ta yi kore.

Saboda haka a cikin murhun ƙarfe kawai ake hura wuta, ƙarama, ba ta wuce gwiwa ba, da bokiti cike da ruwa a gefe tun kafin a ƙyasta ashana. Wajen kashewa mutane da yawa sukan watsa yashi su tafi, yashi kuwa rufe garwashi yake ya adana shi har gobe. Ka zuba bokiti guda na lita 10, ka juya tokar da sanda har ƙasa, ka ƙara wani bokitin, ka sake juyawa, sannan ka kusantar da bayan hannunka. In ka ji ɗumi, da sauran aiki. Itace kuma kada ka ɗauko daga gida, domin a cikin itacen wuta ƙwarin da ke kashe daji suke tafiya. A bakin hanyar M-72 ana ajiye damma-damma da akwatin saka kuɗi. Dami biyu zuwa uku sun isa yamma ɗaya. Fayin yana kamawa da sauri amma yana tartsatsi, yana kuma ƙarewa nan da nan. Don girki ni risho mai gas nake amfani da shi, wutar ice ta ɗumi ce.

Ruwan famfo ana sha, sai dai yakan zo da ɗanɗanon ƙarfe, kuma tuƙin farko yakan fito da ja-ja, a bar shi ya zuba. Jarka mai lita 20 mai faɗin baki ta fi sauƙin cikawa. Lissafina lita 4 ne ga mutum a rana don sha da girki, sai a ƙara 3 ko 4 don alwala da tsarki. Ba a wanke kwano ko yin alwala a gindin famfo, a ɗebi ruwa a matsa. Masai ba ruwa a ciki, buta taka ce za ta yi aiki. Ka rufe murfin in ka gama, domin bututun da ke bayan ginin ba ya jan wari sama sai murfin yana rufe, kuma kada a jefa leda ko tsumman jarirai a ramin, motar da ke zuƙe shi toshewa take. Alƙibla daga nan arewa maso gabas take, ba gabas sak ba. A ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen tara da rabi na dare, isha ta haura sha ɗaya, asuba kuma wajen huɗu. Ka rubuta lokutan a takarda tun daga gari. Nama na halal kuwa a Dearborn ko Detroit za ka yi guzurinsa, ka daskarar da shi ya zama ƙanƙarar kularka ta kwanan farko.

Hanya mafi daɗi ta ganin kogin ita ce kwalekwale. A Grayling akwai masu ba da haya, su ne kuma suke zuwa da mota su ɗauko ka inda kuka yi alkawari. Ruwan ɓangaren sama na kogin ba shi da zurfi, ba duwatsu, yana tafiya da kai kilomita 4 zuwa 5 a awa da ɗan tuƙi kaɗan. Kaya masu nauyi a ƙasa, a tsakiya, komai a cikin leda mai kauri ninki biyu, a ɗaure da jikin jirgin. Doka ta ce kowa da rigar kariya daga nutsewa a cikin jirgi, yaro ƙasa da shekara 6 kuma dole tana jikinsa. Ni dai ina ganin babba ma ya sa. Abin da ke kifar da mutane shi ne itatuwan sida da suka kwanto kan ruwa a bayan kwana, inda ruwa ya fi ƙarfi. Ka fara juyawa tun da nisa, ka bi cikin kwanar. In ruwa ya manna ka da itace, ka karkata jikinka wajen itacen. Wanda ya karkata baya ya buɗe wa ruwa bakin jirgi, nan take ya cika.

Daga Burton's Landing zuwa gadar Wakeley masu kamun kifin tirawut suke tsaye cikin ruwa har ƙugu. A wannan tsakanin da ƙugiyar gashi kawai ake kamu, kuma duk abin da aka kama mayarwa ake. A bakin wannan kogin aka kafa ƙungiyar kare kifin tirawut, Trout Unlimited, a 1959. Ka rage murya, ka bi ta bayansu in da hali. Gaɓar a nan galibi ta mutane ce, ba a sauka sai a wurin gwamnati.

Daga Mio zuwa gabas sai a shiga dajin tarayya na Huron, kuma a nan iri na biyu yake. Kilomita 37 na farko bayan Mio an ba su kariya ta musamman a 1984, ba a kwana sai a wurin da aka ware. Daga gadar 4001 zuwa Oscoda kuma akwai gurabe 102 a warwatse a bakin ruwa, kowane shi kaɗai, wani mota tana kaiwa, wani sai da ƙafa, wani sai ta jirgi. A bazara ta shafin intanet na Recreation.gov ake kama su, ka sauke takardar a waya ko ka buga ta kafin sabis ya ɗauke. Ba famfo, yawancinsu ba masai. Ruwan kogi duk tsabtarsa a ido sai an tace ko an tafasa shi ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, saboda ƙwayar giyardiya mai kawo zawo bayan mako ɗaya ko biyu. Bahaya kuma a haƙa rami na santimita 15 zuwa 20, taku 70 daga ruwa, a binne.

A wannan ɓangaren kogin ya sauya hali. Madatsu shida ne a kansa: Mio, Alcona, Loud, Five Channels, Cooke da Foote. Bayan kowace ruwa ya zama tafki mai faɗi, ba ya tura ka, iska kuma tana tashi da rana ta tayar da igiya. A tsallaka da sassafe, a bi gefe. A kowace madatsa sai an sauke kaya an ɗauki jirgi a ka, a nan ne mai kula biyu da kujeru huɗu yake gane ya yi yawa. Masu tseren kwalekwale na ƙarshen Yuli, wanda aka fara a 1947, suna yin wannan duka, kilomita 193 daga Grayling zuwa Oscoda, cikin dare ɗaya da safiya. Mai mota kuma ya bi River Road ya tsaya a Lumberman's Monument da Iargo Springs, inda matakala kusan 300 suke sauka zuwa idon ruwa.

Iri na uku kyauta ne: ka shiga dajin gwamnati ka kafa tanti inda ba sansani. A filin jiha sai ka yi nisan fiye da mil ɗaya daga kowane sansanin jiha, ka cike katin rajista da ake saukewa daga shafin hukumar, ka rataye shi a wurin. A filin tarayya kwana 14 ne iyaka, kuma mita 60 daga ruwa. Wahalarsa biyu ce. Filin gwamnati da na mutane a cakuɗe suke, sai da taswira mai nuna iyaka. Hanyoyin kuma na yashi ne masu sawu biyu. Ƙaramar mota in ta fara nutsewa, kada a ƙara wuta, tonawa za ta yi har cikinta ya zauna. A tsaya, a tone gaban tayoyi, a rage musu iska, a shimfiɗa rassa, a koma da baya a hankali. Gara ma a sauka a taka hanyar da ƙafa kafin a shiga. Kusa da Grayling kuma akwai filin atisayen soja na Camp Grayling, ƙarar manyan bindigogi da dare daga can take, kuma ba a ƙetare alamominsa.

Daga tsakiyar Mayu zuwa Yuni ƙananan baƙaƙen ƙuda ne suke mulki da rana, dangin masu kawo makantar kogi a Afirka, sai dai na nan ba sa ɗauke da cutar. Bayan kunne da wuya suke ci, kuma ragar fuska ta fi kowane mai. Sauro yana biye har Yuli, ba maleriya amma ga yawa, sai bobuwa a Yuli. Man korar ƙwari mai sinadarin DEET kashi 20 zuwa 30 a fata, maganin permethrin a tufafi kwana ɗaya kafin tafiya, ba a jiki ba. Kowane dare a duba kaska a hammata, ƙugu, bayan gwiwa da kan yara. A kama ta da hantsaki daf da fata a ja a miƙe, ba a ƙona ta. Akwai kuma ciyawa mai ganye uku-uku a bakin ruwa da man jikinta ke tayar da ƙuraje, a wanke da sabulu da wuri, kada kuma ta shiga wuta, hayaƙinta yana ƙona huhu. Baƙin beyar yana nan amma da wuya ka gan shi. Ɓarawon kowane dare rakun ne, wata ƙaramar dabbar daji da ke buɗe kula da hannunta. Abinci, shara, man goge baki, duk a but ɗin mota. Mai jirgi ya rataye su mita 4 sama, mita 2 daga jikin itace.

In za a tambaye ni lokaci, daga tsakiyar Agusta zuwa ƙarshen Satumba: ƙwari sun ragu, mutane sun koma makaranta, sai dai a ƙara bargo. Daga 15 zuwa 30 ga Nuwamba lokacin harbin barewa da bindiga ne, wanda ba mafarauci ba ya haƙura da dajin.

A Oscoda, ƙarshen tafiyar, akwai gargaɗin da ya kamata mai ƙugiya ya karanta. Sinadaran PFAS masu illa ga lafiya, daga kumfar kashe gobara ta tsohon sansanin sojan sama na Wurtsmith, wanda aka rufe a 1993, sun shiga ruwan yankin. Hukumar lafiya ta jiha ta hana cin kifin fadamar Clark's Marsh da kifayen da ke zaune ƙasa da madatsar Foote, ta kuma ce a guji taɓa kumfar da ke taruwa a gaɓa, musamman yara. Jerin kifin da ake ci da wanda ba a ci yana shafinta, tafki-tafki, a duba shi kafin a ɗora kasko. Lasin kamun kifi kuma wajibi ne ga duk wanda ya kai shekara 17.